Kwalba Biyu Daga Gonar Babana

Tumakin maƙwabcinmu Gwilherm, su goma sha ɗaya,
sun yi kiwon kaka guda a gonarmu ta gangare.
Bakwai ba su ga bazara ba.
Likitan dabbobi ya farke cikin ta farko,
ya ɗago hanta ta rine kamar an tsoma ta a gangamau,
ƙoda baƙa wuluk, tana ƙyalli.
Ya ce: jan ƙarfe ne.
Babana Fanch ya cire hula, ya sosa ƙeya,
ya ce: daga ina? Ni dai ban taɓa binne tukunya ba.

Ni ce 'yarsa Azenor, mai farar riga a Kemper.
Ƙasar mutane nake aunawa, in rubuta, in sa hannu.
Tamu ban taɓa ba.
Wanzami ba ya son jarfa.

Ran Asabar, cikin yayyafin nan na Bretaniya
da ba ya jiƙa mutum sai ya manta da shi,
na murɗa ƙarfen haƙa kamu guda,
na cika kwalba biyu: ta gangare, ta tudu.

Ta gangare baƙa ce, mai danshi, tana kama yatsa.
Shekara arba'in da uku tana shan kashin aladu,
tanki bayan tanki,
masararta har rufin tarakta take shafa.
Wa zai zarge ta?
Amma a dusar 'yan aladu akwai ɗan barbaɗe,
jan ƙarfe da tutiya,
don zawo ya tsaya, don ƙiba ta zo da wuri.
Alade ya ci, jiki ya ɗebi kaɗan,
saura ya fita ta inda saura kan fita.
Ruwan sama na kwashe gishiri ya kai wa teku,
ƙarfe kuwa ba shi da ƙafa.
Inda aka sauke shi nan yake kwana,
bana kan bara,
bara kan wacce aka yaye ni,
har ciyawa ta ɗauke shi a harshe ta miƙa wa tunkiya.

Ta tudu ba ta san warin alade ba,
hawan ya fi ƙarfin tanki.
Tun kakana Jakez sai buhu,
farin taki, tsaf, mai lamba uku a goshi.
Na ɗauka ita ce za ta wanke mu.
Ashe dutsen da aka niƙa don fosfet
ya taho da baƙo a hammata: kadmiyom.
Ba yawa, ƙwayar gero ce a cikin rumbu.
Sai dai ƙasar ta yi tsami,
tsami kuma shi ke zare wa baƙo sakata,
ya bi saiwa ya shiga dankali.
Tutiyar da ta yi wa gangare yawa
ita tudu ke bara, ganye ya koɗe yana nema.

Da dare na shimfiɗa takardar kusa da burodi.
Ya sa tabarau, ya bi lambobin da babban yatsa,
a hankali, kamar mai bin layin shuka.
Ya ce: shekara nawa kafin ya fita?
Na ce: tudu, mu zuba farar ƙasa, za ta lafa.
Ya ce: gangare nake tambaya.
Na dubi ɗana yana barci a kan benci,
takalmin roba ɗaya a ƙafa,
ban ce komai ba.

Da safe ya ƙirga kuɗin tumaki bakwai,
ya taka da ƙafa har gidan Gwilherm.
Da ya dawo ya ɗaure ƙyauren gangare da waya.

Kwalaben suna nan a kanta, tsakanin gishiri da hoton inna.
Na so in zubar,
ya ce bar su,
rubutun hannuna ne, ko da ban iya karanta shi ba.